Tsutsar da ke gina gari a bakin teku

Assalamu alaikum masu kallo. Ku dubi wannan wuri da kyau kafin in ce komai. Idan na tambaye ku, wani zai ce duwatsu ne, wani zai ce tsohon kango ne da ruwa ya cinye, wani kuma zai ce ai suri ne irin na gara. Wanda ya ce suri ya fi kowa kusa da gaskiya, domin halitta ce ta gina shi, kuma har yanzu tana ciki da ranta.

Muna gaɓar tekun Atlantika ne, a arewa maso yammacin Faransa, cikin mashigin ruwan Mon San Mishel. A nan teku yakan cika ya janye sau biyu a yini, kuma a ranakun da ya yi cika sosai tazarar da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa takan kai wajen mita 14. Da ruwan ya janye sai waɗannan gine-gine su bayyana, wasu tsayinsu ya fi na mutum, suna shimfiɗe a fili da ya haura hekta 200. Babu irinsu mafi girma a duk nahiyar Turai.

Bari mu matso da kyamara. Kun ga fuskar ginin? Ramuka ne ƙanana jere da juna kamar saƙar zuma. Kowane rami bakin bututu ne, kowane bututu kuma ɗakin tsutsa ɗaya ce. Tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, wato kamar rabin ɗan yatsa. Masana suna kiranta Sabellaria alveolata, sunan da ya samo asali daga aikin Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin a 1767, kuma kalmar ta biyu tana nuni ne da waɗannan ƙananan ramuka. Mu a nan za mu riƙa ce mata tsutsar saƙar zuma.

'Yar uwar tana ce, wadda muke gani da damina, haka ma matsattsaku. Dukkansu jikinsu gaɓa-gaɓa ne kamar an jera zobba. Sai dai wannan tana cikin dangin tsutsotsin teku masu gashi, waɗanda ire-irensu sun kai wajen dubu goma. Gashin nan kada ku ɗauka irin na kanmu ne. Tsinke ne mai ƙarfi, an yi shi da irin abin da aka yi ɓawon fara da shi. Wasu daga cikin dangin suna yawo da shi a ƙasan teku suna farauta. Ita kuwa wannan, daga ranar da ta zauna ba ta ƙara fita, don haka kowane sashe na jikinta aikin gida yake yi.

Mu fara da kai. A can ƙarshen kan akwai wani faifai mai tsoka, an kewaye shi da layuka uku na tsinkaye masu faɗi, masu ƙyalli kamar ruwan zinariya. Wannan shi ne ƙyauren ɗakinta. Idan ruwa ya janye, ko ta ji motsin kaguwa, ko inuwar kifi ta gifta, sai ta ja jiki ciki, faifan ya toshe bakin bututun ƙam, ya bar ɗan ruwa a ciki wanda zai riƙe ta har teku ya dawo. Ku tuna awanni take yi a waje, rana na dukan ginin, ko kuma sanyin hunturun Turai na busa shi. Ba don wannan murfi ba da ta bushe.

Yanzu ga ruwa ya dawo. Ku lura da yadda faifan ke buɗewa gida biyu, wasu zarurruka sirara suna fitowa suna lilo. Kowane zare yana lulluɓe da gashi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba tsayawa, suna jawo duk abin da ruwa ya kawo zuwa wajen baki. A nan ake tankaɗe. Abin da ya yi laushi, irin ƙananan tsirran da ke yawo cikin ruwa, ya wuce ciki, abinci ne. Ƙwayar yashi ko ɓarɓashin ɓawon katantanwar ruwa kuwa, sai a miƙa shi ga magini.

Wannan magini shi ne abin da ya fi burge ni a jikinta, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa. A ƙarƙashin baki akwai wata tsoka mai kama da leɓɓa biyu, a lanƙwashe kamar kofaton doki. Ita ce ke karɓar ƙwayar yashi, ta jujjuya ta, kamar yadda magini ke juya tubali a hannu yana duba ta inda zai zauna. Wadda ba ta yi ba a yar. Wadda ta yi sai a ɗiga mata danƙo, a ɗora ta a bakin bututun, a ɗan danna, a riƙe na ɗan lokaci, sannan a saki a ɗauko wata. Ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, haka aka tashi duk abin da kuka gani a farkon bidiyon nan. Kuma girman ƙwayar da tsutsa ke zaɓa yana tafiya ne da girman wannan tsoka, saboda haka ƙaramar tsutsa da yashi mai laushi take gini, tana girma tana ɗaukar mai gwaɓi. Cikin bututun kuwa sumul yake, ta shafe shi da wani yauƙi don kada yashin ya kurje ta.

Wanda ya taɓa zama ya kalli zanzaro yana kawo laka yana liƙa ɗakinsa a jikin bango zai gane aikin. Bambancin shi ne zanzaro yana jiran iska ta busar masa da laka. Ita wannan a cikin ruwan gishiri take liƙi, igiya na dukanta. Ku gwada manna abu biyu da gam a cikin bokitin ruwa ku gani.

An fi nazarin danƙon a jikin wata 'yar uwarta ta gaɓar Kalifoniya a Amurka, mai suna Phragmatopoma californica. Masu bincike, ciki har da Russell Stewart na Jami'ar Utah, sukan karya bakin bututunta su zuba mata ƙananan duwatsun gilashi, ita kuma ta ci gaba da gini da su, sai a ga ɗigon danƙon fili ta cikin gilashin. Danƙon yana fitowa ne daga wasu sassa da ke bayan kai kaɗan. Haɗin furotin ne da sinadarin fosfet da magnesiyam da kalsiyam. A cikin jikinta yana nan a narke. Da ya haɗu da ruwan teku sai ya kama cikin kamar daƙiƙa 30, sannan ya ci gaba da taurara cikin awanni. Likitoci na sha'awar wannan, domin cikin jikin mutum ma jiƙe yake, kuma an yi ta gwajin haɗa gam irinsa don liƙe ɓarɓashin ƙashi da ya farfashe.

Mu koma cikin bututun. A gefen jikinta biyu akwai 'yan ƙafafu gajeru, wasu ɗauke da tsinkaye, wasu da ƙugiyoyi ƙanana birjik. Da su take hawa da sauka, da su kuma take maƙale bango. Idan tsuntsu ko kifi ya kama kanta yana ja, sai dai ta tsinke, amma ba ta zarewa da sauƙi. A gadon bayanta akwai wasu 'yan harsuna jere biyu-biyu, jini na gudana cikinsu, da su take tsotsar iskar da ke cikin ruwa kamar yadda kifi ke yi.

To ga tambaya. Ɗakin nan ƙofa ɗaya gare shi, kai yana wajen ƙofa, gindi yana can ƙurya. Ina take kai bayan gida? Ƙarshen jikinta wutsiya ce siririya, santala, ba gaɓa ba ƙafa, kuma a naɗe take ta dawo gaba ta bi ƙarƙashin ciki, bakinta yana fuskantar ƙofa. Ƙazantar sai ta bi ta nan a fitar da ita waje ruwa ya tafi da ita.

Namiji daban, mace daban, kuma idan lokacin haihuwa ya yi ana gane su da launin ciki: nasa fari-fari kamar madara, nata ya yi shuɗi-shuɗi mai ratsin ja. Ba sa haɗuwa. Kowa daga ɗakinsa yake sakin nasa cikin ruwa, a can ake haɗewa. 'Ya'yan da suka fito sukan yi makonni, wani lokaci watanni, suna yawo a saman teku. Wani masani ɗan Ingila, Douglas Wilson na cibiyar nazarin halittun teku ta Plymouth, ya shafe shekarun 1960 yana bibiyar su, ya kuma nuna cewa ɗan tsutsar ba ya zama ko'ina. Yana saukowa ya laluba, idan ya taɓa danƙon ginin danginsa, ko da tsoho ne babu kowa ciki, sai ya liƙe nan ya fara nasa. Wannan ne dalilin da ya sa ake samun gari maimakon ɗaki ɗaya nan ɗaya can. Tsutsa ɗaya takan yi shekara 3 zuwa 5, ginin kuwa yana nan bayanta, na baya na ɗorawa a kan na gaba.

Wurin zamanta yana da sharaɗi. Tana son abu mai tauri da za ta kafa harsashi, dutse ko tsakuwa ko tsohon ɓawo. Tana son yashi a kusa, da igiya mai ƙarfin da za ta tayar da yashin ya yi yawo cikin ruwa, tunda ita ba ta fita ɗebo kayan gini, sai abin da ruwa ya kawo mata ƙofa. Ruwa mai garai-garai, kwantacce, ba nata ba ne. Haka kuma idan yashi ya yi yawa ya binne ginin ya daɗe, ta mutu. Ana samunta daga Sikotland zuwa gaɓar Maroko, har da wasu sassan Bahar Rum. Daga arewa sanyi ne ke tare ta. Hunturun 1962 zuwa 1963, wanda ya yi tsanani a Birtaniya, ya kashe su da yawa.

Cikin lunguna da tsagogin ginin akwai 'yan haya: ƙananan kaguwa, katantanwar ruwa, wasu tsutsotsin daban, da 'ya'yan kifi a kududdufan da ginin ke tarewa idan teku ya janye. Wannan arziki ne ke jawo mutane. A Mon San Mishel, ranar da ruwa ya janye sosai, jama'a kan fito da bokiti da ƙarfen tono suna neman kawa, wata halittar teku mai ɓawo biyu da ake ci. Kawar nan asalinta daga tekun Pasifik aka kawo ta Faransa don kiwo, ta bazu, yanzu tana manne wa ginin tsutsar, tana kuma tace abincin da ke cikin ruwa tare da ita. Mai ɓamɓaro kawa da ƙarfe yakan haɗa da gutsuren ginin, mai tafiya a kai kuma yana murƙushe bakin bututu.

Idan ɓarnar ƙarama ce, ku dubi abin da ke faruwa. Wannan sawun takalmi ne, bakin ramukan duk sun farfashe. Ruwa ya dawo, faifai ya buɗe, zarurruka sun fito, ga ƙwayar yashi ta farko an ɗora. Cikin 'yan kwanaki sabon ginin zai fito da launi mai haske fiye da tsohon, har a iya gane inda aka taka. Inda kuwa aka fasa da ƙarfe har ciki, igiya takan sami wurin shiga ta ci gaba da ɓarkewa, kuma irin wannan ramin yakan ɗauki shekaru bai cike ba.