Na'urar dangwala yatsa da yatsun da ba ta iya karantawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi na'urar dangwala yatsa, wadda wasu ma'aikatu da kamfanoni ke kafawa a bakin ƙofa domin ta maye gurbin littafin sa hannu.

Dalilin kawo ta ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya yi aikin albashi a Maradi ya san saƙon nan na “don Allah ka sa mini hannu, ina tafe”, alhali mai saƙon ya kama hanyar Jibiya sayen kaya. Yatsa kuwa ba a ba da aronsa. Abin ma ba baƙo ba ne gare mu, tunda da zanen yatsa aka yi rajistar masu zaɓe kafin zaɓukan 2020.

Sai dai na'urar layukan da ke fatar yatsa take karantawa, ta kwatanta su da waɗanda ta adana ranar rajista, kuma ba kowa ne layukansa suka rage ba. Mai shara da hannunta ke wuni cikin ruwan sabulu, da magini da siminti ya cinye masa fata, da dattijon mai gadi, su ne na'urar ta fi ƙi, kuma su ne masu ƙaramin albashi. Idan hunturu ya kama, fata ta bushe ta tsage, ƙura ta rufe gilashin, sai mutum ya dangwala sau biyar ana kallonsa kamar mai laifi. Kada mu manta da ƴan uwanmu da suka warke daga kuturta a asibitin Danja amma suka rasa yatsu, ko mai keken guragu da aka kafa wa na'urar sama da inda hannunsa ke kaiwa.

Wasu ma'aikata kuma tambayarsu ita ce: ina zanen yatsun nasu ke zuwa, wa ke iya buɗe shi? Tambaya ce ta gaskiya, domin tun 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai. Wajibin shugaban ma'aikata ne ya zauna da mutanensa ya ba su amsa kafin a kira mai kafa na'ura.

Don haka muna kira da a tanadi kati ko lambar sirri ga wanda yatsansa ya ƙi, a sauko da na'urar ƙasa, a kuma bar littafin a kan tebur saboda ranar da aka ɗauke wuta. Kada a yanke ko dala ɗaya daga albashin wanda ya zo ƙarfe 8 na safe na'ura ta kasa gane shi.