Kayafa, Babban Firist Mai Lissafi

'Yan'uwa, barkanmu da yamma. Ku buɗe Yahaya sura 11 ku riƙe wurin, za mu zo kansa. Yau maganarmu a kan Kayafa ce, wanda ya shugabanci Majalisar Yahudawa da ta yanke cewa Yesu ya cancanci mutuwa.

Sunan yankansa Yusufu. Marubucin tarihi Bayahude Yosifus ya ce gwamnan Romawa Baleriyus Giratus ne ya naɗa shi babban firist wajen shekara ta 18 miladiyya, aka tuɓe shi wajen 36. Shekara 18 ke nan a kan kujerar da shi Giratus ɗin ya canja mata mutum uku a 'yan shekaru kaɗan kafin shi. Kamar yadda Turawan mulkin mallaka suke naɗa sarki su tuɓe shi, haka Romawa suke yi da firistoci. Har rigar tsarki ta babban firist a kagarar Antoniya, ta sojojin Romawa, ake kulle ta, sai idi ya zo a miƙo masa. To wanda ya daɗe haka, har ya yi shekara 10 da Bilatus, ai ya san takan zama da masu mulki. Ga kuma gindin zama: ya auri 'yar Hanana, tsohon babban firist wanda 'ya'yansa biyar suka hau kujerar.

Yanzu ku duba aya 47 zuwa 50. An ta da Li'azaru a Betanya, jama'a suna ta tururuwa wurin Yesu, Idin Ƙetarewa ya gabato, Urushalima za ta cika maƙil. Majalisa ta zauna. Ku lura, ba wanda ya tambaya ko alamun da Yesu yake yi daga Allah suke. Tsoronsu shi ne Romawa su zo su ƙwace Haikali da al'umma. Sai Kayafa ya ce musu ba su san komai ba, gara mutum ɗaya ya mutu saboda jama'a da al'umma duka ta hallaka.

A ganina, nan ne aka yanke hukuncin, tun ba a kama kowa ba. Zaman daren da Markus 14 ya ba da labari, inda shaidu suka yi ta saɓa wa juna, har Kayafa ya yage tufafinsa yana cewa an yi saɓo, cika umarni ne kawai. Da gari ya waye kuma laifin ya canja riga. A gaban Bilatus an mai da shi siyasa, wai yana kiran kansa sarki, domin Baroma bai damu da saɓo ba, kuma ikon gicciyewa a hannunsa yake.

Kada ku ɗauka Kayafa marar addini ne. Shi kaɗai ke shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara. Tsoronsa ma ba na banza ba ne, tunda a shekara ta 70 Romawa sun rushe Haikalin. Abin da ya yi shi ne ya auna ran marar laifi da zaman lafiyar gidan ibada, ya zaɓi gidan. Ku dattawan ikilisiya da ke gaba, wannan lissafi ba baƙo ba ne a taron kwamiti.

Wani ya tambaye ni ko da gaske an yi mutumin. A 1990 ma'aikata suka tono kabari a kudancin Urushalima, aka sami akwatin ƙasusuwa na dutse mai rubutun Yusufu ɗan Kayafa. Masana da yawa suna ganin nasa ne, wasu suna jayayya.

Sai gargaɗi. An daɗe ana fakewa da labarin nan ana zaluntar Yahudawa a Turai, alhali Yesu, Maryamu, Bitrus, duk Yahudawa ne. A 1965 Cocin Katolika ya bayyana cewa ba za a ɗora laifin a kan Yahudawa baki ɗaya ba. Mako mai zuwa Bilatus ne, ku karanto Yahaya 18 da 19. Masu tambaya, ku ɗaga hannu.