Sharhi: Mijin 'Yar Najeriya da Ƙofar da Doka Ta Rufe Masa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A ce ga wa da ƙanwa a gida ɗaya a Jibiya. Wan ya je Maraɗi ya auro mata, ya kawo ta gida. Ƙanwar kuma wani ɗan kasuwa daga Ɗan Isa, a can Nijar, ya aure ta, ya tare a Jibiya, ya buɗe shago, suka hayayyafa. Limami ɗaya ya ɗaura auren biyu, an biya sadaki, an raba goro. A wajen dangi duka biyun surukai ne. Amma a wajen tsarin mulkin Najeriya na 1999, amaryar da ta zo daga Maraɗi tana da gajeriyar hanyar zama 'yar ƙasa, shi kuwa angon Ɗan Isa ba shi da ita.

Sashe na 26 ne ya raba su. Ya ce macen da take auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. Sharuɗɗan uku ne: shugaban ƙasa ya gamsu tana da halin kirki, ta nuna da gaske a Najeriya take son zama, sannan ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ku lura, ko mijin ya rasu, ko auren ya mutu, ƙofar tana nan a buɗe gare ta. Wannan abu ne mai kyau, ba ni da ja a kansa. Damuwata ita ce sashen bai ambaci miji ba ko da kalma ɗaya.

Shi mijin sai dai ya bi sashe na 27, hanyar da kowane baƙo yake bi. Sai ya zauna a ƙasar shekara 15 a jere, ko kuma ya zauna watanni 12 ba yankewa dab da ya nema, bayan ya tara shekara 15 cikin shekaru 20 da suka gabaci waɗannan watanni. Sai gwamnan jihar da yake zaune ya shaida mutanen wurin sun karɓe shi, ya saje da al'adarsu. Sai an gamsu zai amfani ƙasa. Auren da ya yi, da 'ya'yan da ya haifa, ba su rage masa ko kwana ɗaya daga waɗannan shekaru ba. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne 'ya'yan nan nasa 'yan Najeriya ne tun ranar haihuwa, domin sashe na 25 ya ce ya isa uwa ko uba ya zama ɗan ƙasa. Kenan a tabarma ɗaya, uwa 'yar ƙasa, yara 'yan ƙasa, wanda yake ciyar da su baƙo.

Gaskiya ne sashe na 32 ya ba shugaban ƙasa damar bai wa miji ko matar ɗan Najeriya izinin zama na musamman, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida tana bayarwa. Amma izinin zama ba ya ba mutum ƙuri'a, ba ya ba shi fasfo, kuma abin da aka ba ka da izini ana iya karɓe shi.

Daga ina muka samo wannan bambanci? Gadon Turawan Ingila ne, daga zamanin da dokarsu take ɗaukar mace a matsayin mai bin ƙasar mijinta. Su da suka bar mana gadon sun gyara tasu dokar tun 1981, suka daidaita miji da mata. Mu kuwa muka ɗauko shi muka sake rubuta shi a 1999, a cikin kundin da sashensa na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda shi namiji ne ko mace. Wadda ake tauyewa a nan ai ita ce 'yar Najeriyar. An ba yayanta wani haƙƙi, ita an hana ta.

An yi yunƙurin gyara. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kan gyare-gyaren tsarin mulki, ta yi watsi da ƙudurorin da suka shafi mata, har da wannan na mijin 'yar Najeriya, da wanda zai bai wa mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara 5 da aure. Mata suka yi dafifi a ƙofar majalisar a Abuja kwana da kwanaki. Ranar 8 ga watan, Majalisar Wakilai ƙarƙashin Femi Gbajabiamila ta janye matsayinta a kan uku daga cikin ƙudurorin, ta ce za a sake duba su. Amma da shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyaren tsarin mulki a Maris 2023, wannan ba ya ciki.

A lokacin na ji mutane da dama a nan Arewa suna cewa wannan rigimar matan Legas ce masu auren Turawa. Wallahi ba haka ba ne. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, tsakanin Daura da Matamaye, tsakanin Maigatari da ƙauyukan Damagaram, auratayya ta girmi iyakar kanta. Haka abin yake a Mubi da Banki da Gamborun Ngala da 'yan'uwanmu na Kamaru da Chadi. Idan akwai yankin da wannan sashe ya fi shafa, namu ne. Abin da ya sa ba mu ji zafinsa da wuri ba shi ne da can ba mai tambayar takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutanen yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, a aikace kuma mutum yakan shekara talatin ba wanda ya ce masa daga ina. Wancan zamani yana wucewa. Mun ga rufe iyaka a 2019, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Yau layin waya da asusun banki duk sai da lambar shaida. Mutumin da bai taɓa tunanin shi baƙo ba ne, yanzu a bakin kantar banki ake tuna masa.

Masu adawa da gyaran suna da hujja biyu, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko, a al'adarmu mace ce take tarewa gidan miji. Haka ne, galibi. Amma neman abinci ne yake zaɓar wa iyali mazauni, kuma duk wanda ya san Kano ko Sakkwato ya san magidantan da suka zo daga ƙetare, suka yi aure, suka tsufa a nan, nan kuma za a binne su. Ta biyu ita ce tsoron auren takarda, wato wani ya fake da aure don ya samu fasfo, ga kuma halin tsaro da muke ciki. Wannan tsoro yana da tushe. Sai dai maganinsa bincike ne da sharaɗi, kuma binciken ya hau kan kowa, domin auren takarda mace ma tana iya yin sa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Nijar ta gyara dokarta ta zama ɗan ƙasa a 2014. Tun daga nan baƙon da ya auri 'yar Nijar, da baƙuwar da ta auri ɗan Nijar, hanya ɗaya suke bi: auren ya kai shekara 3, a tabbatar suna zaune tare a ƙasar, a duba halin mutum, sannan gwamnati ta yanke hukunci. Senegal ta yi irin wannan gyara a 2013. Duka biyun ƙasashe ne da Musulmi suka fi yawa, masu al'adar aure irin tamu. Yau ɗan Katsina da ya auri 'yar Maraɗi ya zauna can yana da hanya a doka, ɗan Maraɗi da ya auri 'yar Katsina ya zauna nan ba shi da irinta.

Gyaran tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Jihohin Arewa 19 ne, don haka ba gyaran da zai wuce sai da hannunmu. Ina kira ga 'yan majalisar Katsina, Sakkwato, Kebbi, Jigawa, Yobe, Borno da Adamawa, waɗanda suka san gidajen nan da sunayensu, su ne ya kamata su ɗauki wannan ƙuduri su kai gaba, da sharaɗin shekarun aure da bincike mai tsauri a cikinsa.

Kafin nan, iyalan da abin ya shafa su nemi takardar shaidar aure, su yi wa yara takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, su adana duk wata shaida ta shekarun da maigida ya yi a ƙasar, domin da ita za a ƙirga masa shekara 15 ɗin.

Mu kasance lafiya.