Ranar da Aka Faɗa Mini Sunan Abin da Ke Damun Baffa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yanzu ƙarfe tara da rabi na safe a nan arewacin Ingila, dawowata ke nan daga kai Baffa makaranta, kun ga ko hijabi ban cire ba. Ruwa ake yi tun asuba, in kun ji ƙara a jikin taga, shi ne. Yau a kicin za mu zauna, saboda wannan shuɗin fayil ɗin da ke gabana. Wata biyu ina cewa zan yi wannan bidiyon ina fasawa. Na yi shawara da Abbansa, ya ce in yi, amma kada in nuna fuskar yaron. Baffa ma ba sunansa na yanka ba ne, sunan surukina ya ci, shi ya sa muke sakaya shi.

Baffa yana da otizim, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. A gida za ku ji ana cewa galahanga, amma ni ba na son kalmar, domin an mayar da ita buhu, duk yaron da ya bambanta da sauran a ciki ake jefa shi, alhali kowace lalura da hanyarta.

Yana da shekara ɗaya yana cewa "Mama", yana cewa "ruwa", yana ɗaga hannu in Abbansa zai fita. Wajen wata goma sha takwas sai kalmomin suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har gidan ya yi tsit. In kira sunansa sau biyar, ko waiwaye. Amma in aka buɗe ledar biskit a kicin, daga ɗaki zai taho da gudu. Ba ya nuna abu da yatsa. In yana son wani abu sai ya kama hannuna ya ja ni har gaban firij, ya ɗora hannun nawa a kan marfin, bai kalli idona ba. Motocinsa na wasa ba ya tura su, jera su yake yi a layi tun daga ƙofa har ƙarƙashin kujera, in ka taɓa guda ɗaya kuwa ranar ba zaman lafiya. In na kunna injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa ya durƙushe.

Na kira Umma a Zariya ina kuka. Ta ce, "Haba 'yar nan, ai ɗa namiji ne, nauyin baki gare su. Kawunki sai da ya shekara huɗu ya yi magana." Hajiyar maigida kuma ta ce a yi masa tofi, ta aiko da rubutu da habbatus sauda ta hannun wata mai zuwa. Wata 'yar uwa ta ce kambun baka ne, saboda na sa hotonsa a Facebook ranar suna. Wata ma a bayan idona ta ce wai ɗan ruwa ne. Wannan ce kaɗai har yau take min ciwo. Sauran duk ƙauna ce ta sa su, kowa da abin da ya sani yake taimako. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake kwana da yaron nan, na san ba nauyin baki ba ne kawai.

A nan akwai awon da ake yi wa kowane yaro tsakanin shekara biyu zuwa biyu da rabi. Ma'aikaciyar lafiya ce take dubawa, ta ba ki takardar tambayoyi: yana haɗa kalma biyu? yana nuna abu? yana kwaikwayon abin da kike yi? Wallahi na ɗauki biro da niyyar in cike da "eh", don tsoro. Da yawa daga cikinmu 'yan Afirka a ƙasar nan muna da wannan fargaba, cewa in ka faɗi gaskiya za a ce ba ka iya tarbiyya ba, a ƙwace maka ɗa. Ina roƙon ku ku cire wannan daga ranku. Jinkirin magana ba laifin uwa ba ne, ba kuma dalilin raba ta da ɗanta ba ne. Na rubuta gaskiya, kuma gaskiyar ce ta buɗe mana ƙofa.

Abu na farko da suka yi, gwajin ji. Wannan ko a Kano kike, ko a Maraɗi, ko a Kumasi, da shi za ki fara, domin yaron da ba ya ji sosai shi ma ba zai amsa sunansa ba. Kunnen Baffa lafiya lau. Daga nan aka tura sunanmu ga tawagar da ke tantancewa. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce ya kamata a fara tantancewar cikin wata uku da turawa. Mu mun jira wata goma sha shida, kuma na san waɗanda suka fi mu daɗewa. Abin da ban sani ba a lokacin, kuma shi ne nake so ki riƙe: ba sai an tabbatar da sunan lalurar za a fara taimakon yaro ba. Kina iya neman mai koyar da magana tun kina kan layi. Akwai kuma tsarin da ake kira Right to Choose a Ingila, wanda likitan iyali, wato GP, zai iya tura ki wata cibiyar da ke cikin tsarin in layinta ya fi gajarta. Ki tambaya ko ana yi wa masu shekarun ɗanki.

Bari in faɗa muku yadda ranar ta kasance, don mutane da yawa suna zaton jini ake ɗiba ko hoton ƙwaƙwalwa. Babu gwajin jinin da ke nuna otizim. Kallo ne da tambaya. An fara da ni da Abbansa, kusan awa biyu likitar yara tana tambayarmu tun daga goyon ciki: yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, me yake ci, yaya barcinsa, akwai mai irin wannan a dangi? Sun kuma karɓi rahoto daga makarantar renon da yake zuwa. Sannan aka shiga da shi wani ɗaki mai kayan wasa don gwajin da ake kira ADOS. Matar ta hura kumfar sabulu, ta tsaya, tana jira ta ga ko zai kalle ta ya nemi ƙari. Ta hura balan-balan ta sake shi. Ta kira sunansa. Ta ɗauko 'yar tsana ta shirya mata bikin ƙarya da kek na roba, ta miƙa masa cokali ko zai ba 'yar tsanar. Baffa ya karɓi cokalin, ya kwanta a ƙasa, ya riƙa juya shi a gaban idonsa yana kallon hasken fitila a jiki. Ina zaune a kusurwa, hannuna cikin hijabi ina jan carbi, zuciyata tana cewa ba ta, Baffa, ba ta mana. Bai ba ta ba.

Bayan sati uku suka kira mu suka faɗa. Na yi zaton zan faɗi a wurin, amma abin da na ji ya fi kama da sauke kaya. Shekara biyu ina tuhumar kaina: ko don na bar shi da talabijin, ko don na koma aiki da wuri, ko wani zunubi na yi. Likitar ta kalle ni ta ce ba abin da na yi ko na bari ne ya jawo ba, haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu, kuma gado na da babban kaso a ciki. Da muka fito ya ja ni wajen mota kamar kullum, ya ɗora hannuna a kan ƙofa. Yaron da na shiga da shi, shi na fito da shi.

Akwai tambaya biyu da na yi mata, na san suna ran da yawa daga cikinku. Ta farko, allurar rigakafi. A lokacin ana yi wa yara allurar ƙyanda da hangum ta MMR suna da shekara ɗaya, alamomin otizim kuma sukan bayyana jim kaɗan bayan nan, shi ya sa iyaye ke haɗa su. Asalin maganar wani likita ne a nan Ingila, Andrew Wakefield, da ya wallafa bincike a mujallar Lancet a 1998 a kan yara 12 kacal. A 2010 mujallar ta janye binciken, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. A 2019 an fitar da wani bincike a Denmark a kan yara sama da 650,000, ba a ga wata alaƙa ba. Mu da muka ga abin da dakatar da rigakafin shan inna ya jawo a Kano a 2003, bai kamata a sake ruɗar mu ba. Ƙanwar Baffa an yi mata allurarta cif.

Ta biyu, Hausa. An sha ce min in daina yi masa Hausa, wai harshe biyu ne ya rikita shi. Mai koyar da maganar da kanta ta ce kada in kuskura, harshe biyu ba ya jawo otizim, ba ya kuma hana yaro magana, in yi masa harshen da ya fi fitowa daga zuciyata. Da na bi waccan shawara, da yau ko "Hajiya" ba zai iya ce wa kakarsa a waya ba.

To, magani fa? A nan ne nake so ku natsu. Babu ƙwaya ko allurar da ke cire otizim. Duk wanda ya ce miki yana da ita, a intanet ne ko a kasuwa, kuɗinki yake so. Akwai masu sayar da wani ruwa da a zahiri sinadarin bilic ne, akwai masu cewa za su wanke ƙarfe daga jinin yaro. Waɗannan suna iya kisa. Abin da ake yi shi ne koyarwa, kullum, a hankali. Ku ga jikin firij ɗin nan. Waɗannan katunan hotuna ne: kofi, ayaba, banɗaki, takalmi. Da su ya fara gaya min abin da yake so kafin baki ya buɗe. Wannan layin na sama kuma jadawalin safiya ne, farkawa, wanka, karin kumallo, mota, domin in ya san abin da ke tafe hankalinsa yakan kwanta. Mun koyi alamun hannu na Makaton. Mun sayi abin toshe kunne saboda Sallar Idi da taron biki. Barcinsa ya yi muni sosai har likitar yara ta rubuta masa melatonin, wannan kuma na barci ne, ba na otizim ba, kuma ba a saye a ba yaro da ka. Addu'a kuwa ba mu taɓa bari ba. Kowane dare Abbansa yana tofa masa Falaƙi da Nasi, da safe kuma mu tafi wajen mai koyar da magana. Ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba.

Wannan takardar mai kauri ita ce EHCP, tsarin ilimi da lafiya da kulawa da dokar yara da iyali ta 2014 ta kawo. Ita ke tilasta a ba yaro taimakon da aka rubuta masa a makaranta, kuma tana iya bin sa har shekara 25. Uwa da kanta tana iya rubuta wa ƙaramar hukuma ta nema, ba sai makaranta ta yi ba, kuma doka ta ba su sati 20 su kammala. A kowace makarantar gwamnati akwai malamar da ke kula da masu buƙata ta musamman, ana ce mata SENCO, ki san ta, ki riƙa ajiye kwafin kowace wasiƙa. 'Yan uwana masu bizar karatu ko ta aiki, ku lura: tallafin kuɗi na DLA, wanda ake ba yara masu buƙata ta musamman, yana cikin kuɗin gwamnati da yawancin bizarmu ta hana, kada ki cike fom ɗin sai kin bincika matsayinki. Amma taimakon makaranta ba ya cikin wannan hanin.

Akwai abin da ban gaya wa ko Umma ba sai kwanan nan. A cikin watannin jiran nan ni ma na kwanta. Ba na barci, ba na cin abinci, in yi sallah ban san raka'a nawa na yi ba, in shiga banɗaki in kunna famfo don kada a ji kukana. Mu a wajenmu in ka ce damuwa ta yi maka yawa sai a ce ƙarancin tawakkali ne. GP ɗina ta ba ni wata takarda mai tambaya tara, PHQ-9, ta ce ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Na yi zaman tattaunawa da ƙwararriya ta NHS Talking Therapies, wani shirin hukumar lafiya ta gwamnati, wanda mutum ke iya neman sa da kansa ba sai an tura shi ba. Ban ji kunyar faɗa ba yau, don na san akwai wadda ke kallona a ɗaki ita kaɗai, a Leeds ko a Jidda, tana cikin abin da na shiga.

Ina yawan tuna matan gida. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai sashen yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Masu koyar da magana sun yi ƙaranci, na sani, kuma kuɗin mota kaɗai ma aiki ne. Amma gwajin ji da ganin likitan yara sun fi ɗaure yaro a ɗaki ko yi masa turaren barkono. Katunan nan kuwa da kwali da almakashi na yi na farkon.

Baffa yanzu shekararsa biyar. Yana da kalmomi wajen arba'in, rabi Hausa rabi Turanci. Har yanzu shinkafa fara da ayaba kawai yake ci, har yanzu aski yaƙi ne. Jiya da daddare ina wanke-wanke a nan inda nake tsaye, ya zo ya kama hannuna, na ɗauka firij za mu je. Sai ya ja ni taga, ya ɗaga yatsa ya nuna sama, ya juyo ya kalle ni, ya ce "wata".

Bari in tashi, ƙanwarsa ta farka, kuna jin ta. A bidiyo na gaba zan buɗe takardar EHCP ɗin shafi-shafi in nuna muku yadda na rubuta wasiƙar neman ta. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.