Fasfonka Ya Ƙare Kana Ƙasar Waje: Za Ka Iya Hawa Jirgi Zuwa Najeriya?

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna ƙasashen waje. Tambayar yau ta fi taso wa mutum a lokacin da hankalinsa ba a kwance yake ba. An bugo waya daga gida an ce jikin Baba ya yi tsanani, ko an yi rasuwa, ko an sa ranar bikin ƙanwa. Ka ɗauko fasfo daga ƙasan akwati, ka buɗe shafin hoto, sai ka ga wa'adinsa ya cika tun watannin baya. To, za ka iya sayen tikiti ka sauka Kano ko Abuja ko Legas da shi a haka?

Bari mu fara da abin da ba shi da ja. Najeriya ba za ta mayar da kai ba. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a korar ɗan ƙasa daga Najeriya, kuma ba a hana shi shigowa. Ƙarewar wa'adin fasfo ba ta cire maka zama ɗan ƙasa. A ƙarshen shekarar 2022, lokacin da Rauf Aregbesola ke ministan harkokin cikin gida, gwamnati ta fito fili ta ce a bar 'yan Najeriya masu fasfon da ya ƙare su dawo gida, aka kuma sanar da kamfanonin jiragen sama. Saboda haka in dai ƙafarka ta taka filin jirgin Malam Aminu Kano, jami'in shige da fice zai duba fasfon, ya tabbatar kai ne, wataƙila ya yi maka 'yan tambayoyi, sannan ka wuce.

Matsalar tana can baya, a filin jirgin da za ka taso. Wanda zai fara yanke maka hukunci ma'aikacin kamfanin jirgi ne da ke zaune a kantar auna kaya, kuma shi ba tsarin mulkin Najeriya yake karantawa ba. A gabansa akwai kwamfuta, a cikinta akwai wani rumbun bayanai mai suna Timatic, wanda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ke kula da shi. Zai shigar da ƙasarka, da inda za ka, da inda jirgin zai yada zango, da irin takardar da ke hannunka. Abin da allon ya nuna masa, shi zai bi. Kuma yana da dalilin jin tsoro: idan kamfani ya ɗauki fasinjan da aka ƙi karɓa a wata ƙasa, kamfanin ne zai mayar da shi inda ya ɗauko shi, sau da yawa har da tara. Don haka ma'aikacin da ya yi kokwanto, hana ka ya fi masa sauƙi a kan ya bar ka. Shi ya sa za ka ji mutum biyu, ƙasa ɗaya, fasfo iri ɗaya, wannan ya wuce lafiya, wancan an dawo masa da jakunkunansa.

Idan ka yanke shawarar gwadawa, kada ka sayi tikiti tukuna. Rubuta wa kamfanin jirgin, ka faɗa musu ranar da fasfon ya ƙare da hanyar da za ka bi, ka nemi amsa a rubuce. Maganar waya ba ta zama hujja a kantar auna kaya. Buga amsar a takarda, ka haɗa da sanarwar hukumar shige da fice in ka same ta a shafin ofishin jakadancinmu na ƙasar da kake. Ka sani cewa yankar katin shiga jirgi ta intanet galibi ba za ta yiwu ba, domin na'urar za ta ƙi karɓar kwanan watan. Je filin jirgi da wuri sosai, yadda in an yi gardama za a sami lokacin kiran shugaban ma'aikatan kanta ya duba.

Sai batun yada zango, kuma a nan ne tafiye-tafiye da yawa ke watsewa. 'Yancin da kake da shi tsakaninka da Najeriya ne. Habasha ko Masar ko Turkiyya ko Katar ba su yi maka alkawarin komai ba. Jirgin da ya tashi kai tsaye, misali daga Jidda zuwa Kano ko daga Landan zuwa Abuja, shi ne mafi sauƙi. Idan dole sai ka bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul ko Doha, tabbatar tikiti ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, kayanka su wuce da kansu, kai kuma ka zauna a cikin zauren masu jiran jirgi. Da zarar tafiyar ta buƙaci ka fita ka karɓi kaya ka sake aunawa, ko ka kwana a otal a cikin gari, to shiga ƙasar mutane ke nan, kuma ba mai buga maka hatimi a kan fasfon da ya mutu. Turai ta fi tsauri. Najeriya na cikin ƙasashen da ake neman bizar yada zango daga 'yan ƙasarsu a filayen jiragen yankin Shengen, ko da mutum ba zai fita daga filin ba, sai fa wanda ke da wata takardar da ta ɗauke masa wannan, kamar izinin zama a Amurka ko Kanada. Ba kuma a manna biza a fasfon da ya ƙare.

Ni a ganina, duk wanda ke da ko da 'yan kwanaki a hannu, ya nufi ofishin jakadanci ya nemi takardar tafiya ta gaggawa, wadda aka fi sani da ETC. Don irin wannan hali aka yi ta. Takarda ce ta tafiya ɗaya tak, daga inda kake zuwa Najeriya, wa'adinta gajere ne, galibi wata guda. Za a nemi tsohon fasfon ko kwafinsa, da hotuna, da bayanin jirgin da za ka hau, in kuma ɓacewa fasfon ya yi, sai ka kawo rahoton 'yan sanda. Kamfanonin jirgi sun san ta, kuma ta fi fasfon da ya ƙare ƙarfi a kantar auna kaya nesa ba kusa ba. Duk da haka tambayi kamfanin ko ƙasar da za a yada zango tana karɓarta.

'Yan uwanmu na Saudiyya, taku ta ɗan bambanta, domin ku sai an ba ku izinin fita. Mai iƙama ba ya barin ƙasar sai da bizar fita da dawowa ko ta fita baki ɗaya, kuma Jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, na duba sauran wa'adin fasfo kafin ta bayar. Fasfon da ya mutu yana tsayar da komai a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya da ake neman waɗannan takardu ta cikinta. Hanyar ita ce ofishin jakadancinmu a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda, a sabunta fasfon, a shigar da sabuwar lambar, sannan a yi maganar tikiti. Wanda kuma ya wuce wa'adin bizarsa, a kowace ƙasa yake, ya sani takardar gaggawa ba ta goge tarar da ake bin sa. Kuma don Allah, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai gyara maka kwanan watan da ke jikin fasfo, guje shi. Bayanan suna cikin ƙwayar lantarkin da ke jikin fasfon, na'ura za ta tona, kuma daga mai tsohon fasfo ka koma mai jabun takarda.

Masu fasfo biyu, misali na Birtaniya da na Najeriya, ku riƙe duka biyun. Na Birtaniya shi kaɗai zai sa a nemi bizar Najeriya a wajenku kamar baƙi. Tsohon na Najeriya shi ne shaidar ku 'yan gida ne, amma ku ma ku nemi amsar kamfanin jirgi a rubuce.

Yanzu ka sauka gida lafiya, an yi gaisuwa, an yi zumunci. Ta yaya za ka koma? Sassaucin na shigowa ne kawai, ba mai barin ka fita da fasfon da ya ƙare, kuma ƙasashe da yawa suna son a ce saura aƙalla wata shida a jikinsa. Don haka sabuntawa ita ce aikinka na farko a makon da ka iso. Daga 1 ga Satumban 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 100 ne a cikin gida, mai shafi 64 na shekara goma kuma dubu 200. Abin da ya fi kuɗin riƙe mutane shi ne lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Dole bayanan da ke jikinta su yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. A fasfo an rubuta Mohammed, a NIN an rubuta Muhammad. A nan Abubakar ne sunan mahaifi, a can an sa shi a tsakiya an sa sunan gari a ƙarshe. Ko ranar haihuwa ta bambanta, domin wanda ya cika takardar ya sa 1 ga Janairu don bai tambaya ba. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya cinye makonni kafin a daidaita, alhali hutunka na wurin aiki yana ƙarewa. Duba wannan tun kana can, kuma ka sayi tikitin dawowa wanda ake iya ɗaga ranarsa.

Idan sabon fasfo ya fito, kada ka yar da tsohon. Bizar Amurka da ke jikinsa, in wa'adinta bai cika ba, tana aiki muddin ka riƙe fasfunan biyu tare. Mazauna Birtaniya kuma, tunda izinin zama ya koma na intanet, ku shiga asusunku ku sa lambar sabon fasfon kafin ranar tashi. Masu tafiya da iyali su buɗe fasfon kowane yaro su duba, domin ma'aikacin kanta ɗaya bayan ɗaya zai duba su, kuma yaron da aka haifa a can, wanda ba a taɓa yi wa fasfon Najeriya ba, sai an kai takardar haihuwarsa ofishin jakadanci an yi masa tasa takardar.