Kada Ki Goge Saƙon: Lacca Kan Cin Zarafin Mata a Wurin Aiki

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa mata, da ku maza na can baya, ku matso, maganar ta shafe ku.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce, ina iyakar wasa? Abokin aiki ya ce yana son ki da aure, wannan ba laifi ba ne. Kin ce a'a, ya ƙi bari, to an shiga wani babi. Ƙa'idojin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na 2017 sun fayyace: akwai na taɓa jiki, akwai na baki, akwai na ishara ko turo hotunan batsa, sai kuma na "ba ni gishiri in ba ki manda", inda oga ke rataya ƙarin girma ko tabbatar da aiki a kan biyan buƙatarsa. Wannan na ƙarshen ba ya zuwa tsirara. Sai dai ki ji, "Ki kawo min fayil ɗin otal da daddare." Kin ƙi, mako bai zagayo ba ga takardar tuhuma a teburinki, wai kina makara.

Yawancin ƙararrakin nan a ranar farko suke mutuwa. Mace ta ga saƙon ƙazanta a WhatsApp, kunya ta kama ta, ko tsoron kada maigida ya gani, sai ta goge. Ta goge shaidarta ke nan. Kada ki goge. Ɗauki hoton saƙon yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, domin idan sunan da kika sa masa kawai ya fito, lauyansa zai ce kowa na iya rubuta shi. Tura kwafi zuwa imel ɗinki na kanki, ba na ofis ba. Ranar da aka sallame ki ake rufe wancan. Samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa a ranar: wuri, lokaci, abin da ya faɗa da kalmominsa, wa ke kusa. Ki kuma faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi, ko da yayarki ce.

Sannan ki ba shi amsa sau ɗaya a rubuce: "Ba na so, ka daina." Ban da dariya, ban da ban-haƙuri, don gobe kada a ce da yardarki.

Ƙorafi kuma a takarda ake kai shi sashen kula da ma'aikata, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki. Na baka iska ce. Idan shugaban ne da kansa, akwai ƙungiyar ƙwadago, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da lauyoyi mata na FIDA. Idan mai cin zarafin ma'aikacin gwamnati ne kuwa, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na ɗaukar abin a matsayin cin amanar ofis. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ke da hurumin wannan shari'a, Najeriya kuma ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi hana cin zarafi a wurin aiki, a 2022.

Idan zama ya gagara, kada ki rubuta "saboda dalilai na ƙashin kai" a takardar ajiye aiki. Rubuta ainihin dalilin, ki nuna wa lauya kafin ki miƙa.