Amsoshin Tambayoyinku: Ina salamar da aka yi mana alkawari?

Masu sauraro, barkanku da warhaka, da fatan kun wuni lafiya. Wasiƙu uku ne a gabana yau, duk kuwa sun taru ne a kan salamar da Almasihu ya yi wa masu binsa alkawari.

Ta farko daga wata uwa ce a Mubi, jihar Adamawa. Ta ce tun gudun da suka yi a watan Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga garin, barci ya ƙaurace mata, ko ƙyaure iska ta buga sai gabanta ya faɗi. Wata a zumuntar mata ta ce da ita ai rashin bangaskiya ne. Shin haka ne?

Sannu Mama, Allah ya kawo sauƙi. Ba haka ba ne. Ki duba lokacin da Yesu ya yi maganar nan ta Yohanna 14:27, cewa salamarsa yake ba mu, ba irin ta duniya ba. A daren da za a bashe shi ne, Yahuza ma, almajirin da zai bashe shi, ya riga ya fice. A daren nan kuma, a Getsamani, ya ce wa Bitrus da Yakubu da Yohanna ransa na cikin baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In mai ba da salamar ya ji wannan nauyi, wa ya isa ya ce faɗuwar gabanki zunubi ce?

Tushen salamar Kirista, in ji Romawa 5:1, sulhun da muka samu da Allah ne ta wurin bangaskiya ga Almasihu. Wannan kuwa zancen da aka riga aka gama ne, rashin barcinki ba zai warware shi ba. Bulus da ya rubuta wa Filibiyawa cewa kada su damu da komai, su kai buƙatunsu ga Allah da addu'a da godiya, a ɗaure yake sa'ad da ya rubuta. Bai ce musu wahalar za ta kau ba. Cewa ya yi salamar Allah za ta tsare zukatansu.

Saboda haka in dare ya yi miki tsawo, buɗe Zabura ta 13 ko ta 88, ki karanta da ƙarfi. Ta 88 har ƙarshenta kuka ne, amma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Ki kuma ga likita, don jiki ma yakan riƙe firgici shekara da shekaru. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka ƙwace hedkwatarta ta Kwarhi a wancan lokacin, ta riƙa shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya. Ki tambayi fastonki ko akwai irinsu kusa da ke. Ita kuwa 'yar'uwar da ta yi miki wannan magana, ina tuna mata da abokan Ayuba. Kwana bakwai suka yi zaune da shi ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suka ɓata zance.

Ta biyu daga wani saurayi ne a Damagaram, inda aka ƙona majami'u a watan Janairun 2015. Kawunsa ya ce mai salama ba ya gadin majami'a da dare. Ɗan'uwa, ka gaida kawu, ka kuma karanta masa Nehemiya 4:9: sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Ai Hausawa ma sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Sai dai gadi daban, ramuwa daban. Romawa 12 ta hana mu ɗaukar fansa, ta ce mu zauna lafiya da kowa iyakar iyawarmu. Kada kuma ka yi wa maƙwabta Musulmi kuɗin goro. A watan Yunin 2018, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ne ya ɓoye Kiristoci masu yawa a masallacinsa da gidansa.

Ta uku gajeriya ce, daga Kumasi: ko yafewa na nufin a yi shiru in an cuce ka? A'a, ɗan'uwa. Da aka yi wa Bulus da Sila bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, sun raira waƙa a kurkuku da tsakar dare. Amma da gari ya waye aka ce su tafi a ɓoye, Bulus ya ce sam, sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su. Labarin yana Ayyukan Manzanni sura 16. Ka yafe a zuciyarka, ka kuma kai ƙararka inda ya dace.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.